Manhajar odar abinci: in shiga ko in bari?

Maman Ilham: Assalamu alaikum 'yan zaure. Jiya wasu samari biyu sun zo shagona a Kubwa da riguna iri ɗaya, wai in yi rajista a manhajarsu ta odar abinci, kyauta ne. Akwai wanda ya taɓa gwadawa?

Hajiya Mai Masa: Wa alaikumus salam. Kalmar kyautan nan ita ta fi ba ni tsoro.

Malam Sani Mai Tsire: Ni ban shiga ba. Kafin mai babur ya kai Gwarinpa kitse ya daskare, a ce Malam Sani ya lalace.

Anti Balki: Maman Ilham, zauna ki ji. Wata bakwai na yi a ɗaya daga cikinsu, ba zan kama suna ba. Rajista kam kyauta ce, ba su yi ƙarya ba. Kamasho kuma sun faɗa min tun farko, kashi 25 cikin ɗari, na ce ba komai tunda ciniki zai ƙaru. Kuma ya ƙaru ɗin, har sai da na ɗauki yarinya ɗaya don zuba oda kawai. Waya na ta ƙara, ina ta murna. Ranar da na zauna da biro da takarda ne jikina ya yi sanyi. Shinkafa da miya da nama ina sayarwa 4,000. Suka ce in shiga rangwamen kashi 20 don sunana ya hau sama a jerin gidajen abinci. Na ɗauka su za su biya, ashe daga aljihuna ne. Saura 3,200. Kamasho 800. Harajin VAT kashi 7.5 a kan kamashon, 60. Roba da leda da cokali da ɗan salatif ɗin rufe murfi, 300. Saura 2,040. Kwanon nan kuwa in na haɗa shinkafa, mai, gas, nama da kuɗin yara, ba ya kasa 2,000. Wato tun asuba nake tsaye a kan naira 40.

Anti Balki: Ban gama ba. Kuɗin ba ya zuwa ranar, sai bayan mako. Mai tumatur a Dei-Dei kuwa bai san wani mako ba, hannu da hannu ne. Sai ga ni da kuɗi a rubuce a waya, ina cin bashin kayan miya. Wata rana mai babur ya faɗa rami, miyar kuka ta malale a cikin leda, mai oda ya ɗauki hoto ya tura musu. Suka mayar masa da kuɗinsa daga nawa, ya kuma ba ni tauraro ɗaya. Ni na tuƙa babur ɗin?

Hajiya Mai Masa: Innalillahi. Allah ya mayar da alheri.

Abba: Anti, ai ƙara farashi ake yi a manhaja. Abin 4,000 ki sa 5,200.

Anti Balki: Na yi, ɗana. Sai wata kwastomata ta ga farashi biyu ta kira ni wai na zama 'yar damfara.

Ummi Waina: Ni fa lafiya lau nake da su. Rabin cinikina daga ma'aikatan ofis na Wuse 2 ne, da ba su san ina duniya ba. Ban taɓa shiga rangwame ba, kuma abin da ba ya zubewa kawai na sa: waina, dambun nama, gurasa. Miya a roba daban, a ɗaure ta sau biyu.

Hajiya Mai Masa: Masa dai, Ummi. Waina ta Kanawa ce masu tsoron zuba mai.

Ummi Waina: Hajiya ku Bauchi ku fara koyon miyar taushe tukuna 😂

Malam Sani Mai Tsire: An fara.

Alhaji Ɗanlami: A bar wasa. Abin da ba wanda ya ambata shi ne lambar waya. Wanda ya yi oda ta manhaja kwastomansu ne, ba naki ba. Ku tuna Disamban 2023, Jumia Food da Bolt Food duk suka naɗe tabarmarsu a Najeriya a wata guda. Wanda cinikinsa duka ke can, da me ya tashi? Yanzu ana yayin Chowdeck da Glovo, Allah ya sa su daɗe, amma ni kowace leda sai na jefa ƙaramin kati mai lambar WhatsApp ɗin shago.

Abba: Alhaji a duba takardar yarjejeniya fa, wasu ba sa yarda da katin nan. Kuma sayarwa da kanka ba tare da manhaja ba, ita ma ba kyauta ba ce. In ka karɓi kuɗi ta Paystack, kamfanin karɓar kuɗi ta intanet, akwai kashi 1.5 da naira 100. Turansfa ta dubu 10 zuwa sama ga naira 50 ta gwamnati. Ga mai babur naka, tun da aka cire tallafin mai a Mayun 2023 kullum da sabon farashi yake zuwa.

Alhaji Ɗanlami: Duk ka haɗa su ba su kai kashi 25 ba.

Abba: Sai ranar da mai babur ya kashe waya da odar mutum goma.

Anti Balki: Wallahi wannan ma na gani.

Maman Ilham: To yanzu in shiga ko kar in shiga? Kun ƙara rikita ni.

Ummi Waina: Shiga Maman Ilham, amma ki ce su rubuta miki wa ke biyan rangwame, wa ke biya in abinci ya zube, da ranar biyan kuɗi.

Anti Balki: Ni dai na faɗi nawa.

Hajiya Mai Masa: Wai ina ake samun robar nan mai murfi da sauƙi yanzu? Ta Utako ta yi tsada, kuma murfin ba ya kamawa.

Malam Sani Mai Tsire: Ku dawo takarda, Hajiya. Tsire bai taɓa malalewa ba.