Neman shawara: yaya zan nuna faifan ajiya a manhajar girka Linux?

Mai tambaya: Assalamu alaikum 'yan'uwa. Muna haɗa ƙaramin Linux don kwamfutocin wata makaranta, ni aka ɗora wa shafin da mutum zai zaɓi faifan da za a girka a kai. A yanzu sunayen da Linux ke ba faifai, irin su sda, sdb, nvme0n1, da girman kowanne kawai ke fitowa. Malaman aji ne za su yi amfani da shi. Me zan ƙara?

Mai gyaran kwamfuta: Wa alaikumus salam. Malam, sda ba suna ba ne tsayayye. Faifan da Linux ya fara gani shi yake ba wa, don haka filashin da ke sdb yau, gobe yana iya zama sda. Sa sunan kamfani da samfuri a gaba, sai girma, sai ko na ciki ne ko ta USB aka jona. Umarnin lsblk, mai jero faifai a Linux, zai ba ka duk wannan idan ka nemi MODEL, SIZE, TRAN da SERIAL. Lambar siriyal tana amfani idan faifai biyu iri ɗaya ne.

Wata injiniya: Duk gaskiya ne, amma malamin aji bai san ko faifan kamfanin Seagate ne a cikin kwamfutarsa ba, bai taɓa kwance ta ba. Abin da ya sani shi ne a nan Windows ɗinsa yake, a nan sakamakon jarrabawar ɗalibai yake. To, nuna masa abin da ke ciki. Shirin os-prober yana gano Windows da sauran tsare-tsaren da ke kan faifai, Calamares ma, wata sananniyar manhajar girka Linux, da shi yake aiki. Idan wani ɓangaren faifan a kulle yake da BitLocker, makullin bayanai na Windows, rubuta cewa a kulle yake kuma akwai bayanai a ciki, kar ka ce "ba a sani ba", don mutane suna ɗauka fanko ne su goge. Kuma kar ka zaɓa masa komai tun farko, sai ya danna da hannunsa.

Wani ɗalibi: Ku lura da girma ma. Faifan da aka rubuta 500 GB a jikinsa, Windows 465 yake nunawa, saboda kamfanin faifan da 1000 yake lissafi, Windows kuma da 1024. Ni dai na jikin faifan zan nuna.

Mai tambaya: Na gode ƙwarai. Filashin da aka tayar da kwamfutar da shi fa, in ɓoye shi?

Mai gyaran kwamfuta: Ɓoye shi kawai, ba shi da aiki a wurin.

Wata injiniya: A nan na saɓa maka, Yaya. Bar shi a jerin amma ya dushe, ba ya dannuwa, da dalili a ƙasansa. Haka kuma idan ba a ga faifan ciki ba sam, kar ka bar shafin wayam. Sau da yawa Intel RST, wani saitin sarrafa faifai na kamfanin Intel, shi ne ke ɓoye shi, kuma manhajar girka Ubuntu, wani nau'in Linux, tun fitowar 20.04 take gargaɗi a kai. Rubuta masa ya kira mai kula da kwamfutocin kafin a shiga BIOS, wato saitin tushe na kwamfutar, a mayar da RST zuwa AHCI, yanayin da Linux ke ganin faifan, don Windows na iya ƙin tashi idan aka canza kai tsaye.