Wata da Zuhal a gida ɗaya a taswirar haihuwar Indiyawa, me suke nufi da shi?

Maman_Ilham:
Salamu alaikum 'yan uwa, dan Allah wanda ya san tsarin taurarin Indiyawa ɗin nan da suke kira Jyotish ya taimaka min. Karatu ya kawo mu Indiya ni da maigidana, toh akwai maƙwabciyata Bahindiya mun shaƙu sosai, ta haifi 'yarta a 2022, kwanan nan surukarta ta kai ranar haihuwar yarinyar da lokacin wajen pandit ɗinsu wato malaminsu ya zana mata kundali wato taswirar haihuwa, shine yace wai Wata da Zuhal sun haɗu a gida na 4 kuma sunan abun Vish yoga wato haɗin guba, wai yarinyar zata tashi nesa da uwarta. Wlh tun ranar matar nan bata da sukuni, jiya ta shigo min da takardar a ninke cikin leda hannunta na rawa. Na duba naga an rubuta lagna (burujin dake fitowa ta gabas lokacin haihuwa, daga shi suke fara ƙirga gidaje 12) Tula, Wata digiri 4, Shani wato Zuhal digiri 23, duka a Makara. Ni ba yarda nayi da shi ba, so nake na gane abun a yadda su suke fassara shi ko na samu abinda zan faɗa mata.

Abu_Hanif:
Wa alaikumus salam Maman Ilham. Na ɗan karanci tsarin nasu, kuma gaskiya ko a ƙa'idarsu pandit ɗin nan yayi gaggawa. Haɗuwar taurari yuti suke ce mata, kuma in dai taurari biyu suna buruji ɗaya sun haɗu kenan a wajensu, amma buruji digiri 30 ne, don haka abu na farko da ake dubawa shine tazara. Daga 4 zuwa 23 digiri 19 kenan, wannan ai zaman gida ɗaya ne kowa da ɗakinsa, ba ɗaya bane da wanda tazarar take digiri 2 ko 3. Ko nakshatra ɗinsu ma daban, kinsan suna raba sama kashi 27, sune nakshatra, kowanne digiri 13 da minti 20, Watan yana Uttara Ashadha shi kuma Zuhal yana can gaba.

Na biyu, gidan waye aka haɗu a ciki. Makara shine Jadyu a lissafin Larabawa, kuma gidan Zuhal ne na kansa, a ganinsu tauraro a gidansa baya ɓarna kamar wanda yake gidan abokin gaba. Sannan ga wanda lagna ɗinsa Tula ne wato Mizani, Zuhal ke riƙe da gida na 4 da na 5, shi yasa suke kiransa yogakaraka, shine tauraron da yafi kowanne alheri ga wannan lagnan. Ƙari akan haka Zuhal a gidansa kuma a gida na 1 ko 4 ko 7 ko 10 sunansa Shasha yoga, ɗaya daga cikin haɗi 5 da suke cewa na manyan mutane ne. Toh ya za'ayi mutum ya tsallake duk wannan ya ɗauki kalmar guba kaɗai ya miƙa wa uwar yarinya, abun ya ɓata min rai gaskiya.

Dalilin da ya kawo maganar uwa kuwa, Wata a wajensu shine alamar uwa da zuciya, gida na 4 ma na uwa ne, Zuhal kuma sanyi da jinkiri da nauyi. Masu sassauci cikinsu cewa suke yaro ne mai shiru shiru da zurfin ciki, mai ɗaukar nauyi tun yana ƙarami.

Injiniya_B:
Ni ta ɓangaren lissafi zan shigo. Zuhal yana shekara kusan 29 da rabi kafin ya zagayo, wato shekara 2 da rabi a kowane buruji, Wata kuma kwana 2 da 'yan awanni yake a buruji ya wuce, duk wata sai ya bi ta inda Zuhal yake. Kenan kusan mutum 1 cikin 12 a duniya yana da wannan haɗin, hajiya ki faɗa mata wannan, duk yaran da aka haifa a kwana biyun nan ko a ina suke suna da shi. Kuma a sama ba haɗuwa suke ba, Zuhal yafi kilomita biliyan 1 nesa da mu, daga nan ƙasa ne muke ganinsu a saiti ɗaya.

Ummu_Sa'ad:
'Yar uwa ki dai kula da zuciyarki, gaibu sai Allah, kar garin lallashi ki koma kina gaskata mata wani sashen. Ki nuna mata yarinyar dake maƙale da zaninta kullum, wannan ai yafi takarda.

Maman_Ilham:
Nagode sosai, Ummu Sa'ad in sha Allah ina kiyayewa. Malam Abu Hanif akwai wani jadawali a bayan takardar mai shekaru jere an rubuta dasha, shi kuma fa?

Abu_Hanif:
Vimshottari kenan, zagayen shekara 120 da suke rabawa taurari 9, kuma a ƙa'idarsu haɗi baya nuna ƙarfinsa sosai sai lokacin taurarin dake cikinsa yazo. Tunda Watanta yana Uttara Ashadha da zamanin Rana ta fara, saura kusan shekara 3 ta tarar, sai zamanin Wata shekara 10, Mangal wato Mirrihi 7, Rahu (mahaɗar hanyar Wata da ta Rana da suke lissafawa cikin taurari) 18, Mushtari 16, sannan Zuhal 19, kinga babban zamanin Zuhal sai ta haura 50. A cikin shekara 10 na Wata akwai ɗan yankin Zuhal na wata 19, ƙila shi pandit ɗin yake hange. Ki tambayeta kuma lokacin haihuwar daga katin asibiti aka ɗauka ko daga ka, don lagna na canzawa kusan duk awa 2, in aka kuskure gidan ma ba na 4 bane.