Neman shawara: lambar get ɗin sito-sitona ta zama ta kowa

Mai tambaya, Kakuri: Assalamu alaikum 'yan uwa. Ina da ɗakunan ajiya 24 a fili ɗaya, 'yan kasuwa ke haya suna zuba kaya. Get ɗin na da na'urar danna lamba, amma lamba ɗaya kowa ke amfani da ita. Yanzu 'yan dako da masu a-kori-kura duk sun haddace ta, har waɗanda suka bar haya. Kuma da an ɗauke wuta sai ƙofar ta saki. Ta ina zan fara gyara?

Injiniya, Barnawa: Wa alaikumus salam Alhaji. Fara da batun wuta, ya fi gaggawa. Makullinka na maganaɗisu ne, shi kuwa da wuta yake riƙe ƙofa, tana yankewa ya saki. Irin mai ƙarfin kilo 280 yana jan kusan rabin amfiya a 12V. Batir mai 7Ah, wato mai iya ba da amfiya ɗaya na tsawon awa 7, a lissafi awa 14 ne, amma da na'urar lambar da tsufan batir, kada ka sa rai da fiye da awa 10. A sa batir babba da ƙaramin faifan sola, ko a canza zuwa makullin da ke zama a kulle in babu wuta. In ka zaɓi na biyun, dole a bar hannun buɗewa daga ciki saboda gobara, wannan ba abin wasa ba ne.

Sai ka duba inda ƙwaƙwalwar na'urar take. Masu araha komai na cikin akwatin da ke waje: a kwance noti biyu, a taɓa wayar wuta, ƙofa ta buɗe. A kai akwatin sarrafawa cikin ofis, waje a bar madannan kawai, masu jure ruwa. A haɗa da abin kare tsawa kafin damina ta kankama.

Hajiya, Unguwar Rimi: Alhaji, kowane ɗan haya a ba shi lambarsa shi kaɗai, mai alƙaluma 6. Mai 4 haɗi 10,000 ne kacal, mai 6 kuwa miliyan ɗaya. Kada a bar mutum ya zaɓa da kansa, domin shekarar haihuwa ko ƙarshen lambar waya zai kawo. Yaron shago ma a yi masa tasa daban a ƙarƙashin sunan maigidansa. Ranar da suka rabu, tasa kaɗai za a goge. 'Yan dako ba a ba su lamba sam, mai kaya ya shigo da su ya fita da su. Wanda ya bar haya, a goge lambarsa kafin ya fita daga get, ba gobe ba.

Babbar lambar da ake saita na'urar da ita fa? Yawanci daga kamfani 1234 ce ko 123456, kuma masu sakawa kan bar ta haka. Ka canza ta da hannunka yau.

Mai tambaya: Na gode Hajiya. To wanda ya ƙi biyan haya, zan iya rufe lambarsa?

Hajiya: Sai in an rubuta a yarjejeniya ya sa hannu: kwana nawa bayan wa'adi, da yadda za a sanar da shi. Fasa kwaɗonsa ko sayar da kayansa kuwa, kada ka kuskura sai da shawarar lauya.

Malam, Kawo: Ƙari kan na Injiniya: a sayi na'urar da ke ajiye tarihin shiga, wato lambar wa, ƙarfe nawa. Agogonta ya zama daidai da na kyamara, a riƙa dubawa duk wata, don in suka saɓa da minti goma, ranar da kaya suka ɓata za a zargi wanda bai ji ba bai gani ba. Kyamara ɗaya ta kalli fuskar mai dannawa, ɗaya ta kalli lambar mota, a ajiye hoton kwana 30. A saita na'urar lambar ta toshe na ɗan lokaci bayan kuskure 5, lambobin haya kuma su daina aiki da dare. Da hunturu maigadi ya riƙa goge madannan, ƙura na tona waɗanda aka fi taɓawa. Ƙofofin ɗakunan a sa musu kwaɗo mai zagaye, wanda almakashin ƙarfe ba ya samun wurin kamawa, mabuɗin kuma ya zauna hannun ɗan haya kawai.