Dakali a jikin gidan katako: yaya za a kare gindin bango daga danshi?

Baƙon_Jamus:
Assalamu alaikum. Gida ne na katako a nan Jamus, a kan daɓen kankare. Katakon ƙasa, wanda bangon ya hau kansa, yana da tazarar santimita 30 daga ƙasa. Ana so a yi dakalin shan iska a bayan gida, na duwatsun daɓe, ya zo daidai da ƙofar falo. Mai aikin ya ce a cika ƙasa har jikin bango, a shafa kwalta, shi ke nan. Masana, hakan ya wadatar?

Injiniya_B:
Wa alaikumus salam. Malam, kar ka yarda. Wannan santimita 30 ba ado ba ne, ƙa'idar DIN 68800 ce ta kare katako, domin ruwan sama idan ya daki daɓe mai tauri yakan fantsamo kusan haka. Ana iya ragewa zuwa 15 idan an zuba tsakuwa a gindin bango, faɗin santimita 30, mai girman milimita 16 zuwa 32. Idan aka cika ƙasa yadda ya ce, katakon ya koma cikin ƙasa ke nan. Idan danshinsa ya daɗe sama da kashi 20 cikin ɗari, sai ruɓa ta kama shi, kuma ba za ka gani ba, don tana ɓoye a bayan rufin bango. Sai ƙofa ta fara cijewa ko ƙasan ɗaki ya fara wari, lokacin kuwa aiki ya riga ya lalace.

Kwaltar shafawa tana da kyau a kan kankare kaɗai. A mahaɗar katako da kankare tsagewa take yi, saboda katako yana kumbura da damina, ya motse da rani, shi kuma kankare yana nan yadda yake. Nan wurin shimfiɗar roba ta EPDM ake liƙawa: ta fara daga jikin harsashi, ta haye mahaɗar, ta tashi aƙalla santimita 15 sama da fuskar dakalin da aka gama. Inda biyu suka haɗu, ɗaya ta hau ɗaya da santimita 10. Ledar bango ta sama, wato wadda ke bayan allunan bango tana tare ruwa da iska, ita ce za ta sauko ta rufe bakin robar, ba akasin haka ba, in ba haka ba ruwa ya samu hanya. A kan robar a sa allon XPS, wato allon kumfa mai tauri na kare sanyi, shi ba ya shan ruwa.

Kafinta_Zongo:
Injiniya ya faɗi gaskiya, amma ni da za a bi tawa, dakalin dutse bai dace da wannan tsayin ba. A yi na katako a kan ginshiƙansa, kada a kafa shi a jikin gida ko da ƙusa ɗaya. A bar tazarar santimita 2 tsakaninsa da bango, milimita 5 zuwa 8 tsakanin alluna. Ƙasan yana nan yadda yake, iska na ratsawa. A kula kuma kada a toshe kafar iskar da ke bayan allunan bango. Raga kawai ake sa mata saboda ƙwari.

Baƙon_Jamus:
Na gode ƙwarai. Idan dai dutsen aka dage a kai, ya za a yi da bakin ƙofa?

Injiniya_B:
A sa magudana mai murfin ƙarfe a gaban ƙofar, tsawon faɗinta duka, a haɗa ta da bututun fitar da ruwa. Da ita ake iya rage tsayin da robar ke tashi a bakin ƙofa daga santimita 15 zuwa 5. Dakalin ya gangara waje, santimita 2 a kowace mita. Sauran jikin bangon a bar masa kwarin tsakuwa, a tare cikon da dutsen gefe. Kuma a duba bututun ruwan rufi, kada ya zubo a kan dakalin, a kai shi magudana kai tsaye.