Me Za Mu Kira Suna Irin IBB da MKO da Hausa?

Jama'a, ga wata kalma da nake neman mu tsayar da Hausarta, wato abin da Turawa ke kira "initials": haruffan farko na sunayen mutum, waɗanda ake jerawa har su zama su ne sunan da aka san shi da shi. Kowa ya san IBB, amma akwai matasa da yawa da sai sun yi tunani kafin su ce Ibrahim Badamasi Babangida. Haka T.Y. Danjuma, haka M.D. Yusufu, Sufeto Janar na 'yan sanda daga 1975 zuwa 1979.

Shawarar farko da aka kawo ita ce "taƙaitaccen suna". Ban gamsu da ita ba, domin Mamman da aka yanko daga Muhammadu, ko Iro daga Ibrahim, su ma taƙaitattun sunaye ne, kuma babu ruwansu da jera haruffa. "Laƙabi" da "inkiya" kuwa suna da aikinsu daban: Maradona laƙabin Babangida ne, IBB wani abu ne dabam. "Haruffan farko na suna" daidai ne a ma'ana, sai dai bayani ne, ya yi tsawon da mai karanta labarai a rediyo ba zai so ya maimaita shi ba.

Ni dai ina ganin kalmar tana nan a makarantar allo. Matakin farko na karatu shi ne babbaƙu, inda yaro ke kiran kowane harafi da sunansa ba tare da wasali ba, sai daga baya ya shiga farfaru. Wanda ya ce "Ai-Bi-Bi" abin da yake yi ke nan, yana kiran haruffa ɗaya bayan ɗaya bai haɗa su ba. Saboda haka shawarata ita ce "babbaƙun suna" ga haruffan, "sunan babbaƙu" ga sunan da suka zama.

Wani malamin Hausa ya kawo suka mai ƙarfi, cewa I da A da O wasula ne, don haka ba za a kira su babbaƙu ba. Amsata ita ce a ajami Ibrahim da alif yake farawa, alif kuwa yana cikin babbaƙu. Masana nahawu ma sun nuna cewa babu kalmar Hausa da ke farawa da wasali a furuci, akwai hamza a gabanta wadda boko ba ya rubutawa. Suna daga haruffa kuma ba baƙo ba ne a wurinmu, tunda Yasin da Ɗaha daga haruffan da suka buɗe sura ta 36 da ta 20 aka samo su.

Kalmar za ta yi mana amfani wajen ba da labarin Amurkawa, inda abin ya fi ban mamaki. Harry S. Truman, shugaban ƙasa daga 1945 zuwa 1953, S ɗinsa ba ya wakiltar wani suna. Kakanninsa biyu, Anderson Shipp Truman da Solomon Young, kowanne yana da S a sunansa, sai iyayen suka sa harafin zalla don kada a ɓata wa kowa rai. Da Hausa sai mu ce baƙi ne marar suna a bayansa. Ulysses S. Grant kuwa sunansa na yanka Hiram Ulysses, S ɗin kuskure ne na ɗan majalisar da ya rubuta sunansa don shiga makarantar soja ta West Point a 1839. Ya karɓi kuskuren, kuma ana cewa dama bai so babbaƙunsa na asali ba, H.U.G., waɗanda ke nufin runguma a Turanci. Sababbin kuma suka dace da U.S., babbaƙun ƙasarsa.

Wannan ya kawo mu ga wasan da ake yi da su, inda ake ƙirƙira wa haruffan wata ma'ana. Mafi gwaninta da na sani shi ne na MKO Abiola, ɗan takarar zaɓen 12 ga Yuni 1993, wanda aka warware babbaƙunsa da kalmar kuɗi a harsuna uku: Money, Kuɗi, Owo. Tsohuwar hukumar lantarki ta NEPA ma ta sha irin wannan, aka ce haruffanta na nufin kada ka taɓa sa ran samun wuta kullum. Wannan wasan "warwarar zolaya" ya dace da shi.

Saura matsala guda. NEPA da NEPU, da BAT na Bola Ahmed Tinubu wanda ya faɗa kan sunan jemage a Turanci, ba harafi-harafi ake kiransu ba, curewa ake yi su zama kalma. Waɗannan sun wuce matakin babbaƙu, don haka na fi son a ce musu "curarren suna". En'e da Di'o, da muka gada daga N.A. da D.O. na zamanin Turawa, har yanzu harafi-harafi ake furta su, saboda haka a babbaƙu za su zauna.