Musayar Waƙa: Wa Ke Raɗa wa Mawaƙi Baiti?

Ɗan Autan Zaure:
Salamu alaikum. Amsa-amon wannan zagaye "ni" ne. Bismillah, na buɗe:

Ku nuna min hanyar Abƙar, ya malamai,
Alƙalamina ya ƙafe tun farkon rani.
Larabawan jahiliyya sun ce kwarin nan
Can ne mawaƙi ke samo nasa aljani.
A'asha da bakinsa ya ambaci Mis'halu,
Abokin da ke raɗa masa baiti ba a gani.
Imru'ul Ƙaisi an ce nasa Lafizu ne,
Ni kaɗai zan zauna ba ni da ko wani?

Malam Na-Soro:
Wa alaikumus salam.

Ƙanena, sauke jakarka, ba inda za ka,
Masu labarin ma sun saɓa a kan makani.
Wannan ya ce Yaman ne, wancan ya ce Najadu,
Ba ayarin da ya je ya dawo da bayani.
Duba ƙarshen Suratu Shu'ara'i ka ga wa shaiɗanu
Ke sauko wa: maƙaryaci mai saɓon Rahamani.
Hassanu ɗan Sabitu ya yi waƙa a Madina,
Yana kare Manzo (S.A.W.) da kaifin lisani.
Aka ce masa: "Jibrilu na tare da kai."
Mai wannan rakiya me zai yi da aljani?

Sarkin Tsokana:
Malam, bar shi ya je, ni dai in gaya masa
Abin da ke tare hanya in duhu ya kori yini.
Gulu ce, mai rikiɗa, ta zo maka a budurwa,
Ta hura wuta nesa, ka zaci zangon wani.
Komai tana canzawa ban da ƙafafunta,
Kofaton jaki, shi ya gagare ta magani.
Mawaƙi Ta'abbaɗa Sharran ya gamu da ita a Raha Biɗan,
Ya ce ta kauce, ta taso tana neman jini.
Ya kai mata sara ɗaya da takobin Yaman,
Ta faɗi tana cewa: "Ƙara min wani!"
Ya ƙi, don sara na biyu shi ke tashe ta,
Ya danne ta har asuba don ya samu gani:
Kai irin na kyanwa, ga idanu biyu a ciki,
Harshe a tsage, fatar kare, ƙafafu masu rauni.

Ku lura, ƙasidar da ya ba da labarin nan ita ma da "ni" take ƙarewa. Ɗan Auta, har yanzu kana neman guzuri?

Gwaggo Mai Carbi:
Kai Sarki, ka cika yaro da tatsuniya,
Maganar ɗan fashin jeji za ka ɗora a mizani?
Shi kaɗai ya je, shi kaɗai ya yi saran,
Shi ya dawo ya rera, ba shaidar wani.
Jahizu na Basra, da ya rasu a 255 Hijira,
Ya ce kaɗaicin sahara ke ɓata tunani.
Mutum shi ɗaya da dare, ƙaramin abu ya girma,
Ƙara kaɗan ya ji, ya ce muryar aljani.
Ya dawo ya sa a waƙa, yara su taso da ita,
A yi ta gadonta ƙarni bayan ƙarni.
Muslim ya ruwaito hadisin "babu gulu",
Ni nan na tsaya, nan na samu yaƙini.

Alaramma Ɗan Tsangaya:
Gwaggo, Allah ya ƙara girma, a yi min izini.

A yi hattara, Gwaggo, wajen sharar ɗakin,
Kar a haɗa da abin da ya zo a Alƙur'ani.
Gulun mawaƙa daban, amma jinnu suna nan,
Daga harshen wuta aka yi su, duba Suratu Rahamani.
Sun riga Adamu zuwa, kuma za a yi musu hisabi,
Cikinsu da kafirai, da masu imani.
Wata tawagarsu ta ji karatu a kwarin Nakhla,
An ce sun taso ne daga Nasibini.
Suka ce wa juna: "Ku yi shiru!" Da aka idar
Suka koma gida suna kira ga addini.
Sura ta 72 tasu ce, kuma aya ta 6
Ta tona asirin matafiyin wancan zamani.
In ya sauka a kwari sai ya ɗaga murya:
"Na nemi tsarin shugaban kwarin nan, ya kare ni."
Bai samu tsarin ba, sai ƙarin fargaba,
Su kuwa suka ƙara ɗagawa da raini.

Ɗan Autan Zaure:
To na fasa Abƙar, na kwance kayana,
Amma Alaramma, saura tambaya guda gare ni:
Tunda suna ganinmu, mu ba ma ganinsu,
Ba su san gobe ba, su ɗan yi mana nuni?

Alaramma Ɗan Tsangaya:
Je ka Saba'i, aya ta 13 da ta 14,
Ga aljanu na aiki gaban Annabi Sulaimani.
Wasu na ƙera tukwanen da ba sa ɗaguwa,
Da akusa kamar tafkuna, wasu na kan gini.
Yana tsaye ya dogara da sandarsa,
Rai ya fita, ba ɗayansu da ya sani.
Suna ta wahala, suna satar kallonsa,
Gara na cin sandar yini bayan yini.
Sai da ta karye ya faɗi suka farga,
Ashe da sun san gaibu da sun huta tuni.
Wanda gawa a gabansa ta ɓace masa,
Shi za ka tambaya gobe? Sake tunani.

Gwaggo Mai Carbi:
Madalla, Alaramma. A kai wa masu zuwa gidan boka neman ɓarawon akuya wannan baitin na ƙarshe.

Sarkin Tsokana:
To waƙa ta faɗi, duba ya faɗi, saura aure,
Ko shi ma Malam zai ce ba shi da amfani?
Amru ɗan Yarbu'u an ce ya auri aljana si'ilatu,
Ta haifa masa 'ya'ya, ta zauna tsawon zamani.
Sharaɗi ɗaya: kar ta ga walƙiya ta wajen danginta,
In hadari ya haɗo sai ya lulluɓe ta da zani.
Ran da ya yi sakaci ta hango, ta tashi sama,
Ta bar shi da yara, ba sallama ba bayani.

Ni dai ban ga laifin matar da ba ta neman lefe ba.

Malam Na-Soro:
An ruwaito 'yan Yaman sun aika wa Imamu Malik:
"Aljani na son 'yarmu, a ba shi ko a yi hani?"
Ya ce shi bai ga abin da ya haramta ba,
Amma yana ƙin ɓarnar da za ta shiga addini.
Gobe a ga mace da ciki, a ce ina mijin?
Ta ce: "Yana nan, ku ne dai ba kwa gani."
Sarki, in ka matsu, kawo waliyyinta zaure,
Mu gaisa, ya karɓi sadaki, ɗaurin auren a bar mini.