Bairas da Hausa: ina ba da shawarar "ƙwayar kutse"

1/ 'Yan'uwa masu fassara, malaman kimiyya da ma'aikatan lafiya, akwai kalmar da ya kamata mu tsayar. Bairas, me za mu kira shi? A rediyo da jaridu "ƙwayar cuta" ake cewa, kuma kunne ya saba da ita. Matsalarta faɗi. Abin da ke kawo tarin fuka ƙwayar cuta ne, na zazzaɓin cizon sauro ƙwayar cuta ne, na ƙyanda ma haka. Alhali na farko bakteriya ce, na biyu wata halitta ce daban mai suna Plasmodium, na ukun ne kawai bairas.

2/ Wannan ruɗani yana da illa a jikin mutane. Mai mura ya ji an ce ƙwayar cuta ce ta kama shi, sai ya nemi "maganin kashe ƙwayoyin cuta". Irin waɗannan magunguna bakteriya suke yaƙa. Penisilin, alal misali, hana bakteriya gina bangon jikinta yake yi, shi kuwa bairas ba shi da wannan bangon. An sha magani a banza, kuma an ba bakteriyar da ke cikin jiki damar yin taurin kai ga maganin.

3/ Kafin mu raɗa suna, mu san jaririn. Bairas ba ya ci, ba ya numfashi, ba ya girma. Ɗan rubutaccen umarni ne na DNA ko RNA da aka naɗe cikin ɓawon furotin, wasu kuma da rigar maiƙo a waje. Yawancinsu tsakanin nanomita 20 zuwa 300 suke, kuma sai ka raba milimita ɗaya gida miliyan kafin ka samu nanomita guda. A 1892 Dmitri Ivanovsky na Rasha ya tace ruwan ganyen taba mai cuta da matacin da ke tare bakteriya, amma ruwan da ya wuce ya ci gaba da harbar lafiyayyun ganye. A 1898 Martinus Beijerinck na Holan ya maimaita gwajin ya kira abin da "virus", kalmar Latin mai nufin dafi, wadda ita ce asalin "bairas". Ba a gan shi ba sai a 1939, da madubin ƙara girma na lantarki.

4/ Yadda yake kama jiki shi ne ya kai ni ga sunan. Jikinmu ya ginu ne da tiriliyoyin tantanin halitta, wato ƙananan tubalan ginin jiki, masu na'urorin ƙera furotin. Bairas ba ya shiga kowane tantani. Sai furotin ɗin da ke bayansa ya dace da wani furotin a fatar tantanin, kamar makulli da kwaɗo. Na korona yana kama wanda ake kira ACE2, mai yawa a hanyoyin numfashi. Na ƙanjamau yana kama CD4 a jikin wasu fararen ƙwayoyin jini, masu tsaron jikin kansu, shi ya sa garkuwa ke rushewa. Da ya samu shiga sai ya tuɓe ɓawonsa ya saki umarninsa. Tantanin ba ya tantance umarnin gida da na baƙo, sai ya ajiye aikinsa ya hau buga kwafen baƙon da ƙera masa ɓawo. Sassan su haɗu su zama sababbi, su fito ko dai ta hanyar fasa tantanin, ko su ɓullo ɗaya bayan ɗaya suna yafa guntun fatarsa. Wannan rigar maiƙon ce sabulu ke wargazawa, dalilin da ya sa wanke hannu ke tasiri sosai a kan korona. Na shan inna ba shi da ita, don haka ya fi jure wa waje. Na ƙanjamau ya fi kowa ta'adi: yana dasa umarninsa cikin DNA ɗin mutum, shi ya sa magani ke danne shi amma bai fitar da shi.

5/ To ga sunayen da na auna. "Dafi" ya bi asalin kalmar, amma dafi ba ya hayayyafa. Wani zai ce "kauci", tun da a jikin wata bishiya yake rayuwa. Sai dai kauci tsiro ne cikakke, da ganyensa da 'ya'yansa, ya fi dacewa da irin su Plasmodium. "Bairas" kanta ba laifi ba ce, mun ari kalmomi da yawa sun zauna lafiya, amma ba ta gaya wa wanda bai yi boko ba komai.

6/ "Kutse" kuwa kowa ya san shi: shiga inda ba a gayyace ka ba, ka juya abin da ke ciki. Mun riga muna cewa an yi wa kwamfuta kutse, kuma ba banza ba aka ara wa manhajar ɓarna sunan bairas a Turanci.

7/ Na san ƙorafin da zai biyo baya, kuma yana da ƙarfi: Plasmodium ma yana shiga jajayen ƙwayoyin jini, bakteriyar tarin fuka ma tana ɓuya cikin tantani. Gaskiya ne. Amma su da kayan aikinsu suke shiga, su ci su rabu da kansu. Bairas ne kaɗai ba shi da komai sai kutsen. Idan babu tantanin da zai ƙwace, ba ya iya ƙara ko guda ɗaya.

8/ Mu gwada a baki. "Ƙyanda, shan inna da zazzaɓin Lassa duk ƙwayoyin kutse ne ke kawo su." "Wannan magani na bakteriya ne, ba ya taɓa ƙwayar kutse." "Ƙwayar cuta" kuma ta zauna a matsayin uwa da ta haɗa su duka. Masu aiki a asibiti, ku faɗa wa majinyata jimla ta biyun, ku dawo mana da abin da suka fahimta.